Karatu Daga Faifai Ya Yi Nawa: Laifin Faifai Ne Ko Na Kanel?



Duk mai kula da na'urar da ke aiki da Linux ya saba jin wannan ƙorafi: "Faifan nan ya gaji, a sayo sabo." Hujjar kuwa yawanci guda ce: an gwada hdparm -t, lambar da ta fito ba ta kai yadda ake zato ba. To amma wannan lamba ba ta faifai kaɗai ba ce. Kafin bayani ya isa hannun manhaja sai ya ratsa ta cikin kanel, kuma sau da yawa a can lokacin yake salwanta.

Idan manhaja ta nemi karatu, kanel yakan ɗebo bayanin ya zuba a rumbun shafuka da ke cikin RAM, shafi-shafi, kowanne yawanci kilobayit 4, sannan ya kwafa wa manhajar. In ya lura ana karanta fayil a jere, sai ya riƙa ɗebo na gaba tun ba a nema ba. Tsarin da Wu Fengguang ya rubuta na wannan karatun gaba ya shiga Linux 2.6.23 a 2007, kuma girmansa na asali kilobayit 128 ne; ku duba read_ahead_kb a ƙarƙashin /sys/block ku gani da idonku.

Gwajin farko da nake roƙon ku riƙe ba ya cin minti biyar. Ku rubuta 3 a /proc/sys/vm/drop_caches don rumbun ya zama fanko, in ba haka ba RAM kuke aunawa, ba faifai ba. Ku karanta babban fayil da dd. Ku sake share rumbun, ku maimaita da iflag=direct, wanda ke tsallake rumbun gaba ɗaya. Idan duka biyun sun yi nawa, sai a duba faifai, waya da direba. A zamanin IDE ma, kashewar DMA kaɗai kan jawo haka, hdparm -d1 ya warware. Idan kuwa na kai tsaye ya tashi da gudu, na rumbu yana jan ƙafa, to ku sakar wa faifai mara.

Daga nan iostat -x ne abokin tafiya. Kun ga buƙatu ƙanana, layinsu gajere, faifai na zaman jira? Karatun gaba ne ya yi kaɗan. Kilobayit 128 ya wadatar da faifai mai juyi 7200 a minti, amma ga NVMe mai iya ba da gigabayit da dama a daƙiƙa, kamar ɗiban ruwan rijiya ne da ludayi. Sai dai kada a ɗaga shi da ka: rumbun bayanai (database) mai karatu nan da can zai cika RAM da shafukan da ba mai nemansu.

In kuma cibiya ɗaya ta firosesa ce ta cika maƙil, perf zai nuna lokacin na tafiya a kwafi da lissafin shafuka. Gigabayit ɗaya shafi 262,144 ne, kowanne da nasa rajista da kulle. Wannan nauyi na cikin dalilan da suka sa Matthew Wilcox ya kawo folio, wato ɗaure shafuka da yawa a riƙa sarrafa su tare, wanda ya fara shiga Linux 5.16 a 2022.

Akwai kuma wanda zai ce jiya lafiya lau, sabunta kanel ne ya kawo matsalar. Shi git bisect zai yi: ko canje-canje 10,000 ne tsakanin tsohon da sabon, gwaji kamar 14 ya isa ya kamo mai laifin. Sannan in zai kai rahoto ga masu kula da kanel, ya haɗa da sigar kanel, irin faifan, tsarin fayil, da lambobin gwaji biyun nan, na rumbu da na kai tsaye.