Jawabi Kan Muƙamuƙi: Ƙarfin Cizo Yana Gindi

 

Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Sayam Forage a ƙarshen 2014, jama'a sun ƙaru, kuma yara da yawa suna cuɗanya da dabbobi a wajen shan ruwa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana kan yadda baki ke rufewa.

Kowa ya ɗora yatsa a gaban kunnensa, ya yi tauna. Abin da ke motsi nan, mahaɗar muƙamuƙi ce. Na ƙasa ne kaɗai ke tafiya, na sama yana tsaye. Tsokar da ke jan sa tana kusa da mahaɗar, don haka turamen baya sun fi haƙoran gaba ƙarfi. Wanda zai fasa goro mai tauri, can baya yake kai shi. Haka tela ke tura yadi mai kauri gindin almakashi, haka awartakin maƙeri ya fi damƙa a kusa da ƙusarsa.

Abu na biyu, rufewa ta fi buɗewa ƙarfi nesa ba kusa ba. A 2012 masana daga Amurka sun bayyana cewa sun auna cizon wani babban kada, ya wuce nauyin kilo 1,600. Amma in aka ɗaure bakin kada yana rufe, 'yar igiya ta ishe shi.

To, mu dawo gida. Saniya, ko irin Kuri da ake kiwo a garken gwamnati na Sayam, ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai giɓi. Mai ba ta magani ya sa hannu ta wannan giɓi, kada ya zarce baya, domin turamen da ke niƙa kara ba za su bar yatsa ba.

Raƙumi kuwa daban ne. Yana da fiƙa, kuma amale a lokacin sanyi, sa'ad da yake neman taguwa, yakan kama hannu ya ɗaga mutum, ƙashi ya karye. A sa masa takunkumi, a hana yara raɓarsa.

In an yi cizo, na raƙumi ne, na jaki ko na kare, a wanke wurin da ruwa da sabulu kamar minti 15, a tafi gidan likita ran nan. Kada a cusa toka ko kashin shanu. Ta irin wannan rauni ciwon sarƙe-haƙora ke shiga, bakin mutum ya rufe ya ƙi buɗuwa, alhali akwai allurar rigakafinsa.

Dattawa, ku isar wa makiyaya. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu. Wassalam.