Teɓa Ba Shaidar Arziki Ba Ce



A kan iyakar Jibiya, in ɗan kasuwa ko ma'aikacin kwastan ya ajiye teɓa, sai mu ce arziki ya zauna. Alhali kitse ba ya zaman banza. Yana fitar da furotin mai suna leftin, wanda aka gano a 1994. In ya yawaita, yakan ingiza ƙwayoyin jiki su yi ta hayayyafa. Adifonektin kuwa, mai taka musu birki, raguwa yake yi. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta danganta ƙiba da ciwon daji iri 13, har da na mama, hanji da mahaifa.

Mu da kujerar ofis ke jira, mu rage maiƙo, mu yawaita tafiyar ƙasa. Wassalam.