Sa Hannu Biyu: Jawabin Ma'aji a Taron Cika Shekara

 

Wasu na ƙorafi: don me sai mutum biyu sun sa hannu kafin a ciri ko kwabo a asusunmu? Rashin yarda ne? To, bari mu leƙa Laberiya.

Yaƙin basasar ƙasar ya ƙare a 2003, ya bar ofisoshi a wargaje, kuɗin gwamnati kuwa sai zurarewa suke yi. A 2005 masu ba da agaji suka kawo shirin GEMAP: a Babban Banki, tashar jiragen ruwa da hukumar gandun daji, ba a fitar da kuɗi sai ƙwararre daga waje ya sa hannu tare da jami'in ƙasa. 'Yan ƙasar da dama sun ce raini ne, amma kuɗin shiga ya ƙaru.

Ellen Johnson Sirleaf, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka, ta hau mulki a 2006. A 2012 ta dakatar da jami'ai 46 da ba su bayyana kadarorinsu ba, har da ɗanta Charles, mataimakin gwamnan Babban Banki. Ta yi ƙoƙari, wallahi. Sai dai 'ya'yanta uku duk sun riƙe manyan muƙamai a zamaninta, abin da ya zubar mata da ƙima. Wa zai iya bincikar ɗan shugaba ba tsoro?

Shi ya sa kwamiti ya kawo shawara: masu sa hannunmu biyu kada su fito gida ɗaya, ko da surukuta ce ta haɗa su. Bayan cin abinci za mu kaɗa ƙuri'a.