Jawabi Kan Jera Wayoyin Na'urar Sassaƙa



A hutun bara na haɗa na'urar sassaƙa katako mai bin umarnin kwamfuta, wato CNC, a ƙauyenmu kusa da Ɗambatta. Don gaggawa na cusa wayoyinta barkatai cikin akwati, sai bakinta ya riƙa kauce wa layi, har ƙyauren wani manomi ya lalace, na biya. Ashe wayar da ke kai wa injin wuta tana rikita siririyar wayar saƙo muddin suna manne. Na raba musu hanya, na haɗa akwatin da sandar tagulla da na kafa a ƙasa, wadda da rani sai an jiƙa gindinta. Kowace waya kuma na manna mata lamba, saboda ƙanena ke gyara idan na komo makaranta.