INA RUWAN DA MUKA ZUBAR YAKE ZUWA?

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai. An nemi in yi magana a kan ƙazamin ruwa, wato yadda ake tara shi da yadda ake tace shi, domin da yawa daga cikinmu yanzu ma'aikatan lafiya ne a asibitoci da ƙananan hukumomin Bunguɗu da Gusau da Tsafe. Na san maganar ba mai daɗin ji ba ce ga mutanen da ke jiran a shigo da abinci, sai dai a yi mini haƙuri.

Ruwan da ke fita daga gida iri biyu ne. Akwai na wanka da wanki da wanke-wanke, wanda ke bi ta rariya ya taru a kwatami ko ya malale kan hanya. Akwai kuma na masai, wanda shi ne mai babban haɗari, domin a cikinsa ƙwayoyin kwalara da taifot da atuni da shan-inna da ƙwan tsutsar ciki suke. Mafi yawan ruwan da aka shigar gida, wajen kashi 80 cikin 100, fitowa yake yi da dauɗa. Ke nan duk wanda ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse ya ƙara mata ƙazamin ruwa, ko ya yi shirinsa ko bai yi ba.

A manyan biranen duniya bututu ake binnewa a ƙarƙashin ƙasa ya kwashe shi zuwa matata. Su ma wuya ce ta koya musu. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamata ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa galibinsu famfo guda suke sha, aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar wani ramin masai ne kusa da rijiyar ke tsiyaya ciki. A nan ƙasar, wasu sassan Abuja suna da irin wannan bututu da ke kai ruwa matatar Wupa. Gusau kuwa, wadda ta zama hedkwatar jiha tun 1996, ba ta da shi, balle Nahuce. Saboda haka abin da muke da shi a hannu shi ne masai da sokawe da kwata, kuma a kansu zan fi tsayawa.

Masai na gargajiya ba abin rainawa ba ne idan an haƙa shi da ilimi. Ƙasa da kanta tana tace ruwan da ke tsiyaya daga ramin, amma sai an ba ta tazara. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. To, a nan gizo ke saƙa. Magidanci zai auna cikin gidansa ya ga ya yi daidai, alhali rijiyar maƙwabcinsa tana bayan katangar, taku biyar daga ramin. Kuma zurfin da aka gani da rani ba shi ne na watan Agusta ba, lokacin da ruwa ke tasowa. Wannan aikin duba-gari ne, kuma a ganina rainin da aka yi wa aikin nan ya jawo mana asarar da gina asibiti ba zai mayar ba.

Ƙuda kuma maganinsa bututun iska. A shekarun 1970 aka ƙirƙiro wannan dabara a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe: a sa dogon bututu daga ramin ya zarce rufi, a rufe bakinsa da raga, a bar ɗakin da ɗan duhu. Wari ya bi bututu ya fita, ƙuda ya bi haske ya hau, raga ta tare shi ya mutu a can. In an yi ramuka biyu, ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ana amfani da ɗayan, abin da za a kwaso ya zama taki mara wari.

Abin da muke kira sokawe asalinsa abu biyu ne: tanki na siminti inda kauri ke kwantawa ƙwayoyin halitta su narkar da shi, da rami na biyu inda ruwan sama-sama ke tsuma cikin ƙasa. Magina da yawa rami ɗaya suke yi su tafi. Tankin yana bukatar kwashewa duk bayan 'yan shekaru, kuma ina roƙon ku ku gaya wa jama'a kada kowa ya shiga ciki, domin iskar da ke taruwa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana sumar da mutum nan take, ta kuma kama wanda ya shiga ceto.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, motar da ta kwashe ina take juyewa? In a rafi ne, to, an ɗauke cuta daga gida ɗaya an raba wa gari. Gulbin Sakkwato ya ratsa Gusau ya bi ta ƙasar Bunguɗu ya nufi Bakolori, mutane na sha, ana ban-ruwan latas da tumatir. Wanda ya san Jakara a Kano ya san abin da nake nufi. Maganin da ya dace da mu ba injuna masu cin lantarki ba ne, tafkuna ne a jere a bayan gari. Na farko mai zurfi, mita uku zuwa huɗu, nan kauri ke kwantawa. Na biyu mai faɗi, inda gansakuka ke ba da iska ƙwayoyin halitta su cinye dauɗa. Na ƙarshe bai wuce mita ɗaya ba, rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Cikin makonni uku zuwa huɗu ruwan ya isa a kai gona. Fili da zafin rana kawai abin yake ci, mu kuwa ba mu rasa ko ɗaya ba.

Kwalara ta shigo Nijeriya a 1970, kuma ba ta bar mu ba. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, Zamfara tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili, kuma ba ta fi mu arziki ba.

Shugaba, na ji ana shawarar abin da za a yi wa makaranta da kuɗin da muka tara, wasu na cewa ƙofa, wasu ɗakin taro. Ni ra'ayina a gina makewayi mai ramuka biyu da bututun iska, da wurin wanke hannu, a auna nisansa da rijiya kafin a sa diga, a kuma ware kuɗin kwashewa tun yanzu. Zanen da lissafin kayan aiki zan yi su kyauta in miƙa wa sakatare kafin taro na gaba.