Mudu Ɗaya Ga Na'urorin Gida: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu



Kun san gardamar da kan tashi a kasuwa in mudun mai saye ya saɓa da na mai sayarwa. To, irin wannan gardama ce ta daɗe tsakanin na'urorin gida na zamani, watau ƙwan lantarki da makulli da fanka waɗanda a ke ba umurni da wayar hannu. Kowane kamfani da nasa harshe. Ni kaina, a gidanmu na Unguwar Rogo, na taɓa sayen ƙwai na wani kamfani da soket na wani, suka ƙi jin maganar juna, kuɗina suka tafi a banza.

Cikin watan Disamba 1919 ba a san wannan damuwa ba, amma cikin Disamba 2019 sai da Amazon da Apple da Google da ƙungiyar Zigbee suka zauna don su daidaita a kan ƙa'ida guda. Ta fito cikin Oktoba 2022, sunanta Matter. Da fari fitilu da soket da makullai ta fi shafa. A 2023 aka ƙara firij da fanka da injin wanki, sa'an nan cikin Nuwamba 2024 aka shigar da farantan hasken rana da baturansu. Wannan na ƙarshe shi ya fi faranta mini rai, gama a Sakkwato rana ba ta rowa.

Amfaninta shi ne, kayan da ke ɗauke da alamar Matter suna magana da juna a cikin gida, ko da intanet ta yanke, muddin akwai wuta da na'urar da ke jagorancinsu.

Amma fa ku ja kunnen talakawanku. Alamar ba ta ce kome ba game da ƙarfin wuta. Wutarmu bolt 230 ce, filoginmu kuwa mai ƙafa uku ne, wanda muka gada daga Ingila. Kayan da ke shigowa daga Birnin Ƙwanni ta Illela sau da yawa ƙafafunsu kewayayyu ne, na Amurka kuwa don bolt 120 aka yi su, suna iya ƙonewa in an jona su. Makulli kuma, kada kowa ya saya sai mai ramin mabuɗi na hannu, don ranar da batur ya mutu.

Ku kuwa malamai, ga naku aikin. Kowace na'ura tana zuwa da lambar haɗawa, yawanci mai alƙalami 11, a jikinta ko a kwalinta. In an sa irin kayan nan a ofishin hakimi, ku rubuta lambar cikin littafi tun kafin yara su yi wasa da kwalin, ku ajiye littafin inda ku ke ajiye hatimi.