Tsohon Piyano: A Gyara Ko A Bari?

Yau maganarmu a kan piyano ce, irin mai tsayen nan da a ke jinginawa ga bango. Wanda ya san tambarin makarantar Achimota, wadda aka buɗe a 1927, ya san haƙoransa, farare da baƙaƙe. Su 88 ne, 52 farare, 36 baƙaƙe.

Watakila ka ga wani cikin kayan gwanjo da a kan sauke a Tema, ko a lungun wata tsohuwar majami'a, ƙura ta lulluɓe shi. Mai shi ya ce, kawo abin da ka ke da shi ka ɗauka. Ya abokina, kada ka yi garaje. Katakon waje mai ƙyalli ba shi ne piyano ba. Buɗe murfin sama, ka cire allon ƙasa, ka duba ciki da tocila.

Me za ka gani? Tsirkiyoyi fiye da 200 na ƙarfe, a miƙe. Mai gurmi ya san yadda tsirkiya biyu kaɗai su kan ja sandar gurminsa. To, waɗannan in an haɗa jansu ya kan wuce tan 15. Wani babban ƙarfen zubi ne ke riƙe da su duka, dabarar da Alpheus Babcock ya yi wa rajista a Amurka a 1825. Duba ƙarfen nan da kyau. In ya tsage, ka yi sallama da mai kaya ka tafi, gama walda ba safai ta kan riƙe shi ba. In kuwa babu ƙarfen sam, katako ne zalla, wannan ya tsufa ƙwarai, ba zai tsaya ga muryarsa ba a iskar Ankara.

Sa'an nan ka dubi kusoshin da tsirkiyoyin ke naɗe a kansu. An kafa su cikin wani katako mai tauri. Nan ne ran piyano ya ke. Damina ta kan kumbura katakon, hunturu ya busar da shi, shekara bisa shekara, har ramukan su yi sako-sako. Mai gyara ya ɗaure da safe, kafin la'asar ta kwance. In kusoshi kaɗan ne suka saki, a kan musanya su da masu kauri. Amma in katakon kansa ya rabe, ko gara ta shige shi, kuɗin gyara zai fi kuɗin wani piyanon mai lafiya. Ga garin katako a ƙasa kamar tsaki? Gara ce ko ƙwaro, kada a ruɗe ka.

Sauran ciwuka kuwa suna da magani. Gudumomin da ke bugun tsirkiya an yi kansu da ulu danƙararre, asu na sonsa, ɓera kuma ya kan yi sheƙa da shi ƙarƙashin haƙora. Ana sakewa. Masu aikin dā da gam na fatar dabba suka manna kome, laima kuwa ta kan kwance shi, amma kafinta mai haƙuri zai mayar ɗaya ɗaya. Ka sa lamba a kan kowane haƙori kafin ka cire, gama ba mai shiga gurbin ɗan'uwansa. Kada ka ɗiga man keken ɗinki ko'ina a ciki, ko da wani ya rantse maka.

Fararen haƙoran tsofaffin piyano sau da yawa hauren giwa ne. Tun 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikinsa tsakaninsu. Goge su da tsumma mai ɗan laima, wanda ya ɓalle a sa na roba a madadinsa.

Ɗaurin murya shi ne na ƙarshe, ba kuwa aikin yini ɗaya ba ne. Piyanon da ya shekara 20 ba a taɓa shi ba, in aka ja shi gaba ɗaya, tsirkiyoyi masu tsatsa za su tsinke, watakila har su ji wa mutum ciwo a ido. A ja kaɗan, a bar shi mako biyu ko uku, a sake ja. Nemi wanda ya san aikin, ka tambayi masu koyar da kiɗa a Legon, ga ta nan kusa da Madina.

In an gama, kada ka ajiye shi gindin taga. Jingina shi ga bangon ciki, ka ɗora shi bisa katako ya ɗan bar ƙasa, domin kun san abin da ruwan watan Yuni ya kan yi wa ɗakunan da ke kusa da babban kwalbatin Nima.